Ciwon dajin ƙoda ba iri ɗaya ba ne: tambayoyi da amsoshi kan gano nau'o'in da ba a cika gani ba

Da zarar likita ya furta "ciwon daji", kunnen yawancin mutane ya toshe ke nan. Duk abin da ya faɗa bayan haka iska ce ke ɗauka. Alhali a ciwon ƙoda abin da ya biyo bayan ne ke da aiki, domin can ƙasan takardar ɗakin gwaji akwai suna na biyu, sunan nau'in ciwon, kuma da shi likita ke sanin maganin da zai ci da wanda zai zama asarar kuɗi da lokaci. Tambayoyin da ke ƙasa wasu marasa lafiya da masu jinya ne ke yawan yin su, wasu kuma waɗanda ya kamata a ce suna yi ne amma ba sa yi.

Ashe ciwon dajin ƙoda ma iri-iri ne?

Ƙwarai kuwa. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, kowace da siririn bututunta, kuma kowane sashe na bututun da irin ƙwayoyinsa. Inda ciwon ya tsiro da irin ɓarnar da ta auku a cikin ƙwayar gado, su ke ba shi suna da hali.

Idan aka tara manya 100 masu ciwon dajin naman ƙoda, 70 zuwa 75 nau'i ɗaya gare su, wanda ake kira kiliya-sel, wato mai garai-garan ƙwayoyi. Wajen 10 zuwa 15 papilari ne, mai tsiro kamar 'yan yatsu. Kimanin 5 kuromofob. 'Yan tsirarun da suka rage su ne suka rarrabu gida-gida: medulari, na bututun Bellini, mai sauyin TFE3, mai rashin FH, mai rashin SDH, mai sauyin ALK, da sauransu (haruffan nan sunayen ƙwayoyin gadon da suka ɓaci ne). Wasunsu ko kashi ɗaya cikin ɗari ba su kai ba, har likitan mafitsara na iya yin shekaru yana aiki bai ci karo da ɗaya ba.

Jerin ma ba a tsaye yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shi a 2004, ta sake a 2016, sannan a 2022. A na 2022 ne aka ware rukuni guda na nau'o'in da ake tabbatarwa da ɓarnar da ke cikin ƙwayar gado, ba da kamannin da ido ke gani kaɗai ba. A nan ne kuma aka daina raba papilari zuwa "na ɗaya" da "na biyu", bayan an gano cewa abin da aka daɗe ana kira na biyu tarkace ne na cututtuka daban-daban da aka zuba a kwando ɗaya.

Tunda dai cire ƙodar za a yi, mene ne na damuwa da suna?

Idan ƙarin ƙarami ne, bai fita daga ƙoda ba, gaskiya ne tiyata ce maganin kusan dukansu. Amma ko a nan sunan na da amfani. Shi ke nuna ko za a riƙa bibiyar mutum kurkusa ko jefi-jefi, kuma shi ke nuna ko 'ya'yansa da 'yan uwansa na cikin haɗari.

Idan kuwa ciwon ya bazu, nan ne gizo ke saƙa. Magungunan da aka fi sani, irin su sunitinib da pazopanib, an gwada su ne galibi a kan masu kiliya-sel, wanda ke rayuwa da yawan jijiyoyin jini saboda lalacewar ƙwayar gado ta VHL. Suna toshe masa hanyar jinin. Ba su cin medulari. Shi medulari da na bututun Bellini kemo ake ba su, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, mai sinadarin filatinom, alhali kemon gargajiya kusan ba ya taɓa kiliya-sel. Mai sauyin ALK yana jin magungunan da aka ƙera don wani nau'in ciwon dajin huhu. Iyalin da suka sayar da gona suka sayi maganin wata uku a kan suna marar daidai, sun yi asarar gonar da watanni ukun, kuma watannin sun fi zafi.

Akwai alamar da mutum zai ji a jikinsa ta nuna masa nau'in?

Babu. Alamomin kusan ɗaya ne: jini a fitsari, ciwo a kwiɓi, ƙullutu a ciki, rama, zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ƙarancin jini. A Turai da Amurka fiye da rabin masu ciwon ba su ji komai ba, hoton wata matsala aka je ɗauka aka gan shi. A wajenmu sau da yawa sai ƙarin ya yi girman da hannu ke taɓa shi kafin a iso asibiti.

Wani abin da ke jawo jinkirin shi ne tsargiya. A garuruwan da ke bakin dam da fadama, fitsarin jini ba baƙon abu ba ne, yaro ya yi wanka a kududdufi ya kwaso, a ba shi magani ya warke. Sai idon mutane ya saba. Jinin tsargiya ya fi fitowa a ƙarshen fitsari, ɗigo-ɗigo. Wanda ya gauraye da fitsarin tun daga farko har ƙarshe, ko ya zo da gudaji sirara kamar tana, ko ya ci gaba bayan an sha maganin tsargiya, wannan na neman hoton ƙoda.

Abin da ke ɗaga wa likita hankali ya yi zargin baƙon nau'i ba alamar ba ce, mai alamar ne: shekarunsa, jinotaif ɗinsa, tarihin gidansu, da ko ƙodar ɗaya ce ko duka biyun.

Jinotaif ɗina AS ne. Da gaske akwai ciwon dajin ƙoda da ke bin masu AS?

Da gaske ne, kuma cikin duk nau'o'in nan babu wanda ya shafe mu kamarsa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. An saba gaya wa mai AS cewa lafiyarsa ƙalau, ya dai kula da wadda zai aura. Ga mafi yawan mutane haka ɗin ne. Amma ƙoda na da nata labarin.

A 1995 wasu likitocin nazarin nama uku, Davis da Mostofi da Sesterhenn, a cibiyar binciken cututtuka ta sojojin Amurka da ke Washinton, suka bayyana marasa lafiya 34 da aka tara cikin shekara 22. Matasa ne, kusan dukansu baƙar fata, kuma ana ganin lanƙwasassun ƙwayoyin jini irin na sikila a cikin namansu. Suka sa wa ciwon suna medulari, suka yi masa laƙabi da cutar ƙoda ta bakwai ta sikila.

Dalilin yana cikin ginin ƙodar. Can tsakiyarta iskar oksijin ta yi ƙaranci, gishiri ya yi yawa, har jinin mai AS, wanda ke gudana lafiya a ko'ina, yakan lanƙwashe a nan ya toshe ƙananan jijiyoyi. Shekara da shekaru ana wannan toshewa, sai wata ƙwaya ta rasa kariyar da ake kira SMARCB1, ciwon ya tashi. Ya fi kama maza, ya fi yawa tsakanin samartaka da shekara talatin da 'yan kai, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari a ƙodar dama yake. Ana samunsa a masu SC da SS ma, amma mafi yawa AS ne. Yana da saurin gaske, galibi kafin a gano shi ya riga ya taɓa kaluluwa ko huhu ko hanta.

Kada wannan ya hana kowa barci. Ƙiyasin da aka yi a Amurka bai wuce mutum ɗaya cikin masu AS dubu ashirin ba, shi ya sa ba a ce kowane mai AS ya riƙa zuwa hoto ba. Inda ake tafka kuskure shi ne nan: mai AS kan yi fitsarin jini saboda wani dalili marar haɗari sosai, wato mutuwar ɗan ƙaramin sashe na tsakiyar ƙoda, wanda ya fi fitowa daga ta hagu. Sai a ce wa saurayi "ai jinin sikilarka ne, ka sha ruwa da yawa", a sallame shi. A ganina duk mai AS da ya ga jini a fitsari bai kamata ya bar asibiti ba a rubuta masa hoton ƙoda ba. Idan kuma aka ga ƙari, ya faɗi jinotaif ɗinsa da bakinsa, ya tabbatar an rubuta a takardar da za ta raka naman zuwa ɗakin gwaji. Wanda bai san nasa ba a yi masa gwajin a ranar. Likitan da ke duba nama ba ya ganin fuskar marar lafiya, abin da aka rubuta masa kaɗai ya sani.

Akwai ma wani nau'in da ya fi wannan ƙaranci, mai sauyin VCL da ALK, shi ma an fi ganinsa a yara masu AS.

Sikanin ko hoton CT ba zai faɗi nau'in ba?

Yana nuni, ba ya yanke hukunci. Sikanin na yau da kullum aikinsa ya raba jakar ruwa da ƙari mai tauri. Daga nan sai CT, wanda ake ɗauka kafin a sa ruwan allura mai haska jijiyoyi da kuma bayan an sa, don a ga yadda ƙarin ke shan jini. Shi ya sa ake auna ƙarfin ƙoda a jini tukuna. CT da aka yi ba ruwan allurar rabin aiki ne.

Kiliya-sel yakan haska da sauri da ƙarfi, da dabbare-dabbare. Papilari yakan haska kaɗan, a hankali. Idan aka ga kitse ƙarara a cikin ƙarin, yawanci wani tsiro ne marar daji da ake kira anjiyomayolifoma. Medulari da na Bellini kuwa ba sa dunƙulewa kamar ƙwallo. Suna ratsa tsakiyar ƙodar ne kamar yadda ruwa ke ratsa bango, ƙodar ta kumbura amma siffarta na nan. Irin wannan hoton na iya zama ciwon dajin kwaroron fitsari, ko limfoma, wato ciwon dajin kaluluwa, ko ma mummunan ƙurji, kuma kowanne maganinsa daban.

Idan jakar ruwa ce mai sarƙaƙiya, za ka ga an rubuta Bosniak da lamba. Ma'auni ne da wani likitan hoto Ba'amurke, Morton Bosniak, ya fito da shi a 1986, aka gyara a 2019. Na I da na II ba abin damuwa, IIF a riƙa bibiya, III da IV ana maganar tiyata.

An ce za a soka allura a ɗebo nama. Ba zai watsa ciwon ba?

Wannan tsoron ya daɗe, har likitoci sun yi shi a da. Yanzu ana sa allurar ne ta cikin wani ɗan kwaroro da ke kare hanyar, kuma yaɗuwa ta wannan hanya abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai. Abin da aka fi gani ɗan zubar jini ne da ke tsayawa da kansa. Cikin goma, wajen tara ana samun amsa.

Ba kowa ake yi wa ba. Mai babban ƙari da za a cire ko ta halin ƙaƙa, sau da yawa tiyata kai tsaye ake yi. Ana ɗebo naman ne idan ciwon ya bazu kuma za a fara da magani, ko hoton ya yi kama da limfoma ko ƙurji, ko ƙarin ƙarami ne a jikin dattijo ko mai ƙoda ɗaya. Dalili kuwa, cikin ƙararrakin da ba su kai santimita 4 ba, kusan ɗaya cikin biyar ba daji ba ne.

Iyakar allura ita ce ɗan tsinke take ɗebowa daga abin da ya kai lemo ko gwanda. Wani lokaci sunan kan sauya bayan an cire ƙarin gaba ɗaya an duba.

To me ake yi da naman a ɗakin gwajin da har yake ɗaukar makonni?

Da farko a jiƙa shi a ruwan fomalin ya ƙame. Likitan nazarin nama ya tsaga, ya auna, ya dubi launi. Kiliya-sel ruwan ɗorawa ne kamar gwaiduwar ƙwai, saboda kitsen da ke cikinsa. Ya yanki gutsattsari daga wurare daban-daban, a zuba musu narkakken kaki su daskare su zama 'yan bulo, a fere su sirara fiye da fatar albasa, a shimfiɗa a gilashi, a rina da shuɗi-shuɗi da ruwan hoda, sannan a sa a madubin likita.

A nan ido ke fara aiki. Ƙwayoyin kuromofob suna da kauraran iyakoki kamar na tsiro, cibiyarsu a yamutse kamar busasshiyar magarya, da farin zobe kewaye. Na mai rashin FH suna da wani babban jan ɗigo a cibiya, kamar idon mujiya. Gogaggen likita na gane mafi yawan kiliya-sel da kallo ɗaya.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Mai sauyin TFE3 na iya fitowa da garai-garan ƙwayoyi sak kiliya-sel. Medulari da na Bellini da mai rashin FH da ciwon dajin kwaroron fitsari duk suna iya rikita ido. Nan ake shiga mataki na biyu, rini na musamman da ke kama furotin guda ɗaya tak. PAX8 na nuna asalin naman daga ƙoda yake. CA9 na zagaye ƙwayar kiliya-sel kamar akwati. CK7 da AMACR na taimakawa wajen papilari, CD117 wajen kuromofob. GATA3 da p63 na karkata zuwa kwaroron fitsari. Wasu rinin kuma rashin kamawarsu ce amsar: idan INI1, wato furotin ɗin kariyar nan ta SMARCB1, ya ɓace daga ƙwayoyin ƙarin alhali yana nan a lafiyayyun da ke gefe, medulari ake zargi. Haka ɓacewar FH ke nuna mai rashin FH, ɓacewar SDHB kuma mai rashin SDH.

Mataki na uku shi ne duba ƙwayar gadon kanta, ko dai da gwajin FISH mai nuna inda kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, ya karye ya manne da wani, ko da karanta jerin gadon. Asibitocin koyarwa irin na Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri suna da sashen nazarin nama, amma baƙin rini da gwajin mataki na uku ba ko'ina ake ajiye su ba, sau da yawa sai an tura bulon wani wuri, a cikin ƙasa ko waje. Rabin jiran da ake yi ke nan.

Bayan tiyata an miƙo mana ƙodar a roba. Dole ne mu kai gwaji? Mun so mu binne.

Dole ne, kuma a ranar. Niyyar binnewa mai kyau ce, girmama jikin ɗan Adam ne, ana kuma iya neman ragowar bayan an gama a binne. Amma ƙodar da aka binne ba a duba ba, an binne ta da sunan ciwon, kuma babu hoton da zai dawo da shi.

Na taɓa ganin wani dattijo a bakin wani ɗakin gwaji da bokitin fenti, an ɗaure murfin da kyauron roba. Ƙodar ɗansa ce. An yi aikin ranar Alhamis a wani gari, ya iso Litinin. Da aka buɗe, fomalin ɗin bai rufe ko rabin naman ba, ba a kuma tsaga ƙodar ba. Ta waje naman ya ƙame, cikin kuwa ya narke kamar dafaffiyar kabewa. Ya biya kuɗin mota, ya biya na gwaji, abin da aka iya rubuta masa shi ne ciwon daji ne, nau'in bai tantancu ba.

Fomalin na shiga nama ne a hankali, wajen milimita ɗaya a awa. Don haka babban ƙari sai an tsaga shi, a sa a mazubi mai faɗin baki, ruwan ya ninka naman kamar sau goma. Ba a sa shi a ruwan gishiri, ba a sa shi a firiza. Wannan aikin ma'aikatan tiyata ne, amma mai jinya na da ikon ya leƙa ya ce, "Malam, ruwan nan ya isa kuwa?" Naman da bai ƙame da kyau ba yana ɓata rini na musamman, ya nuna akwai inda babu, ko babu inda akwai.

Takardarmu ta ce "onkosaitoma ko kuromofob". Wanne ne a ciki?

Waɗannan biyun 'yan ɗaki ɗaya ne, daga irin ƙwaya guda suke tasowa. Onkosaitoma ba daji ba ne. Kuromofob daji ne, ko da yake yana cikin masu sauƙin hali, wani likita Bajamushe mai suna Thoenes da abokan aikinsa suka fara bayyana shi a jikin mutum a 1985. Onkosaitoma launin hanta gare shi, wani lokaci da tabo kamar tauraro a tsakiya, amma kuromofob ma kan yi tabon. CD117 na kama su duka. Abin da ya fi raba su CK7 ne: yana mamaye kuromofob, a onkosaitoma kuwa ɗaiɗaikun ƙwayoyi yake kamawa. A ɗan naman allura likita mai gaskiya kan ce "ƙari mai irin waɗannan ƙwayoyi" ya tsaya nan, kuma wannan ba gazawa ba ce.

Yaro ne ke da ƙarin. Duk ɗaya ne da na manya?

A'a. A yara ƙanana, musamman 'yan ƙasa da shekara 5, mafi yawa ƙarin Wilms ne, mai sunan likitan fiɗa Bajamushe Max Wilms da ya yi rubutu a kansa a 1899. Yana jin kemo sosai, har a tsarin Turai, wanda asibitoci da dama a Afirka ke bi, ana fara kemon kafin tiyata bisa hoto kaɗai.

Matsalar na tasowa ne idan yaron ya tasa. Daga shekara goma zuwa sama, yiwuwar ba Wilms ba ne na ƙaruwa, kuma a wannan shekarun mai sauyin TFE3 na kan gaba. Ƙwayar TFE3 na kan kuromosom X, sai ta karye ta manne da wata. An lura wasu masu shi sun taɓa shan kemo suna ƙanana saboda wata cutar. Kemon Wilms ba ya yi masa komai. Don haka yaron da ya manyanta, ko mai AS, ko wanda ƙarinsa bai ragu ba bayan makonnin farko na kemo, ana bukatar a ga namansa. A jarirai kuma akwai rabdoid, mai tsanani, wanda shi ma INI1 ke ɓacewa a cikinsa.

Me ya haɗa ƙarin mahaifa da ƙurajen fata da ciwon ƙoda? Likita ya yi ta tambayar matata.

Likitan ya san aikinsa. Akwai cutar gado da ke zuwa da abu uku: ƙananan ƙulluttai masu tauri a fata, masu zafi idan an taɓa ko an ji sanyi, faibroid, wato ƙarin mahaifa, masu yawa da girma tun mace na 'yar shekara ashirin da wani abu, da ciwon dajin ƙoda mai rashin FH. An gano ƙwayar gadon a 2002. Wajen kashi 15 cikin ɗari na masu ɗauke da ita ne ke samun ciwon ƙodar, amma mugu ne, yana iya bazuwa tun yana ɗan mitsitsi. Shi ba a jira ya girma, ana gani ake cirewa, kuma 'yan gidan da gwaji ya nuna suna ɗauke da ita MRI ake musu duk shekara, domin sikanin na iya tsallake shi.

Faibroid ruwan dare ne a matan Afirka, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Haɗuwarsa da ƙulluttan fata, ko da wani a dangi da ciwon ƙoda ya ɗauke yana matashi, shi ne abin faɗa wa likita.

Akwai 'yan uwanta. Ta von Hippel-Lindau na kawo kiliya-sel a ƙoda biyu tare da ƙari a ido da ƙwaƙwalwa da laka. An gano ƙwayarta a 1993, kuma a ita akan jira ƙari ya kai santimita 3 kafin a taɓa, don a tattala ƙodar. Dubi bambancin: gida biyu, ƙari mai girma ɗaya, a ɗaya a ce a jira, a ɗaya a ce gobe tiyata. Ta Birt-Hogg-Dubé, da likitoci uku 'yan Kanada suka bayyana a 1977, na zuwa da fararen ƙuraje a fuska da huhun da ke sacewa haka kawai. Mai rashin SDH kuma na tafiya da wasu ƙararraki masu harba hawan jini sama farat ɗaya.

Wa ya kamata ya yi gwajin gado?

Wanda ciwon ya kama yana da shekara 46 ko ƙasa, wanda ke da ƙari a ƙoda biyu ko fiye da ɗaya a ƙoda guda, wanda iyayensa ko 'yan uwansa na jini suka yi ciwon, da duk wanda takardarsa ta ce rashin FH ko rashin SDH komai shekarunsa. Jini ko yawu ake ɗauka. Na gado bai wuce kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na duka ba.

Waɗannan cututtukan ba kamar sikila suke ba, wadda sai uwa da uba sun haɗu. Daga ɗayansu kaɗai suke saukowa, kowane ɗa na da rabin yiwuwar ɗauka. Ba auren zumunci ke kawo su ba, kuma ba dalilin nuna wa dangin uwa ko na uba yatsa ba ne. Shi medulari ba a gadon ciwon kansa, jinin AS ɗin ake gada.

Ina wankin ƙoda shekara da shekaru. Ina cikin haɗari?

Ƙodar da ta daɗe ba ta aiki takan cika da jakunkunan ruwa, kuma akwai nau'in daji na musamman da ke tsirowa a cikinsu. Haɗarin na ƙaruwa da yawan shekarun wanki. Jini a fitsari ko sabon ciwon kwiɓi a irin wannan hali na bukatar hoto.

Babu gwajin jinin da zai nuna shi a huta?

Har yanzu babu wanda ake aiki da shi a asibiti, irin PSA na ciwon mafitsarar maza. Gwajin jini na nuna ƙarfin ƙoda da hanta, yawan jini da sinadarin kalsiyam, waɗanda ke taimakawa wajen auna nauyin ciwon. Duk wanda ya ce zai ɗora maka hannu a wata na'ura ta faɗi nau'in ciwon dajinka, kuɗinka yake so.

Mene ne "sakomatoid"? Shi ma nau'i ne?

Ba nau'i ba ne, rikiɗa ce da kowane nau'i ke iya yi, ƙwayoyin su miƙe su yi tsini kamar mazari. Ganinsa na kai ciwon daraja ta 4, mafi tsanani. Abin da ya ɗan sanyaya rai shi ne irin wannan yakan ji magungunan zaburar da garkuwar jiki fiye da yadda aka zata. A nemi a rubuta daga wane nau'i ya rikiɗo.

An rubuta "ba a tantance nau'in ba". Shi ke nan?

Wani lokaci shi ke nan, don akwai 'yan kaɗan da ko a manyan cibiyoyin duniya ba sa shiga kowane gida. Amma sau da yawa ma'anarsa ita ce rinin da ake bukata babu shi a wurin. Sai a tambaya kai tsaye: wane rini aka yi, wanne ya rage, ina ake yinsa?

Neman wani likitan ya sake dubawa ba raini ba ne, su kansu likitocin nazarin nama suna tura wa juna. Ba sai an sake tiyata ba. Bulon kakin nan na shekaru bai lalace ba, kuma daga shi ake fere sabon yanki a yi duk rinin da ake so. Ana rubuta takardar neman aron bulo da gilasai, da lambar da ke saman sakamakon, a ɗauke su a ambulan mai kauri. A kiyaye su daga rana da cikin mota mai zafi, kaki ne, yana narkewa.

Wanda ya fi cancanta a sake duba nasa: matashi, mai AS, wanda aka rubuta wa "papilari na biyu" ko "na Bellini" ba tare da an gwada FH da INI1 ba, da wanda ciwonsa ke gudu fiye da yadda sunan da aka ba shi ya saba.

Ranar karɓar sakamako, me zan tambaya?

Ka je da wani, kunne huɗu ya fi biyu a irin wannan rana. Ka ce likita ya rubuta maka cikakken sunan nau'in da hannunsa. Ka tambayi girman ƙarin da santimita, darajarsa, ko ya shiga jijiyar jini ko kitsen da ke kewaye, ko an ga ciwo a bakin inda aka yanka, ko kaluluwa ta kamu. Ka tambaya da ido kaɗai aka sa sunan ko an tabbatar da rini. Ka tambaya ko an yi CT na ƙirji, don huhu ne inda ciwon ya fi saurin zuwa. Sannan ka tambaya ko 'ya'yanka da 'yan uwanka na bukatar gwaji.

Kafin ka bar harabar asibitin ka ɗauki hoton takardar da waya, gaba da baya, ka tura wa mutum biyu a gida. Faifan CT ɗin ma ka karɓa, ba rahoton kaɗai ba, domin likita na gaba zai so ya ga hoton da idonsa. Lambar bulon kuma ka rubuta ta a bayan katin asibiti.